Itacen Da Baban Lorna Ya Ƙi Sarewa

Duk wanda ya yi makaranta a Fort Bragg a zamaninmu ya san Mis Lorna Maki. Shekara ashirin da tara tana jan bas ɗin 'yan makaranta, ba ta taɓa makara ba, kuma ba ta taɓa jiran kowa ba. In ka makara ka bi ta da gudu, tana kallonka ta madubi tana kurɓar kofi. Bayan ta ajiye aiki muka koma abokanta, ni da Tobin da Yesenia, don kullum sai ta zo shagon kifin da muke aiki ta zauna ta yi mana tsiya.

Rannan ta ce, "Ku nemi hutun kwana huɗu. Za mu arewa, akwai abin da zan nuna muku tun gwiwoyina ba su gama mutuwa ba."

Har yau ban yi tafiya irin wannan ba. Tsohuwar motarta tana warin kare da danshi. Teku a hagunmu, hazo yana shigowa ta taga, ita kuma tana shan kwanonin nan na bakin dutse da hannu ɗaya. Yesenia ta yi amai sau biyu kafin mu kai garin Leggett.

"Tun kina aji uku kike wannan aikin," in ji Mis Lorna. "Na ɗauka aure zai gyara ki."

"Mis Lorna, tuƙinki ne bai gyaru ba."

Muka ci ƙaguwa a garin Trinidad da hannu, a kan bonet ɗin motar. Muka sayi kyafaffen kifi a Klamath, Tobin ya cinye rabi kafin a raba. A nan ne ta ba mu labarin. Babanta mai saran redwud ne, dogayen itatuwan nan na dazukan wajenmu. Wata shekara aka tura shi ya kayar da wani ƙaton itace a cikin kwari, ya je ya tsaya a gindinsa, ya dawo ya ce wa ogansa cikin itacen ruɓaɓɓe ne, asara ce. Ƙarya yake, lafiyarsa lau. Ita kaɗai ya nuna wa hanya, kuma duk shekara sai ta je. Ba ta da ɗa. Tana so wani a cikinmu ya riƙe hanyar in ba ta nan.

A wajenmu ba a faɗin inda manyan itatuwa suke. Saiwarsu a sama-sama take, in mutane suka gano wuri suka yi ta tattakawa, shi ke nan. Shi ya sa da muka tsaya a gefen wata hanyar tsakuwa da safe, ta fito da gwangwanin kofi.

"Wayoyi," ta ce. "Ku zuba su nan."

Na saka tawa kamar ana cire min haƙori.

"Danika, dubi fuskarki. Masu bibiyar taki a intanet ba za su mutu kafin la'asar ba."

Awa uku muna tafiya, tana gaba da sanda, tana tsayawa tana nuna mana alama. Ga kututture mai ramin da masu sara ke soka katakon da suke tsayawa a kai, ku bi ta hannun damansa. Ga rafi, ku tsallaka inda ya rabu biyu. Ina ta maimaitawa a zuci. Sai kawai ta tsaya, na ɗauka bango ne a gabanmu. Na ɗaga kai har wuyana ya yi ciwo, ban ga ƙarshensa ba. Mu huɗu muka kama hannu, ko rabinsa ba mu zagaye ba. Mis Lorna ta zauna a kan dutse nesa da gindin, tana murza gwiwa, fuskarta kamar ta yarinya.

Sai muka ji ƙyas.

Tobin ne ya ɗauki hoto, da wayar aiki da ya ɓoye a safa.

"Ba ɗorawa zan yi a intanet ba fa. Mamata kawai zan nuna wa."

"Kai wawa ne," in ji Yesenia. "Hoton da kansa yana riƙe da inda aka ɗauka."

"To na goge, ga shi. Mis Lorna, na goge."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dube shi, ta dubi Yesenia, sannan ta dube ni ta daɗe, ni da ban yi komai ba. Amma gaskiya tun da muka iso nake tsara abin da zan rubuta a kai, kuma ta san ni tun ina shekara shida.

"Ku tashi," ta ce. "Akwai hanya mai sauƙi."

Babu wani sauƙi. Awa biyar ta yi tana zagaye da mu, mu hau nan mu gangara can, rafi ɗaya muka tsallaka sau huɗu ko rafuka huɗu ne, ban sani ba. Tana ɗingishi tana cije baki, ta ƙi a riƙe ta. Da muka fito kan titi, mil biyu muke daga mota, kuma duk alamomin sun cakuɗe a kaina.

Ba a fasa tafiyar ba. Muka kai har Oregon, ta saya mana miyar kifi mai madara, ta ci gaba da tsokanar Yesenia, har Tobin ta bar shi ya yi tuƙi.

Bara aka yi mata aikin gwiwa, yanzu ko matakalar gidanta da ƙyar take hawa. Sau biyu na koma dajin ni kaɗai, na bar waya a gida, ban same shi ba. Da na gaya mata sai ta yi dariya har da tari.

"Madalla," ta ce. "In ke ba ki same shi ba, ba mai samunsa. Zuba min kofi."