Ranar da Na Zama Mutumin Badun

Ni dai tun tasowata ban taɓa ganin lauya ya shigo unguwa da alheri ba. To sai ga wata ta shigo Sabo, unguwarmu ta Hausawa a nan Badun, Bayarabiya, 'yar siririya, takalminta na ƙwas-ƙwas, tana tambayar gidanmu. Wai kuma aikin kyauta za ta yi mana. Lauya, kyauta! Na ce a shimfiɗa mata tabarma a zaure, amma kusa da ƙofa.

Maganar jikata ce ta kawo ta, mai ciwon sikila. Yarinyar nan da ke yini tana tsokanata, in ciwon ya tashi sai ta dunƙule tana cizon zanin uwarta. Akwai wani asibiti gaba da unguwar Mokola da ake duba 'ya'yan talakawa ba ko sisi. Surukata ta kai ta a keke, mai rubuta suna ya tambayi garinsu, ta ce Kano. Ya ce to shirin na 'yan gari ne. Haka aka yi wa yara da yawa a layinmu. Lauyar ta ji labarin ne a bakin wata mai sayen alkaki wajen surukar tawa. Ta ce kotu za ta, kuma tana neman dattijon da zai tsaya shaida cewa yaran nan 'yan garin nan ne.

Hausarta ta kasuwa ce, Yarabancina ma haka, muka haɗu a tsakiya.

"Baba, kai mutumin ina ne?"

"Kano."

"A ina aka haife ka?"

"Ga ɗakin can, inda akuya ke leƙe."

"Mahaifinka fa?"

"Nan shi ma. Kakana ne ya zo fataucin goro, Allah ya jiƙansa."

"To mutumin ina ne kai?"

"'Yar nan, na ce miki Kano. Ko kunnen lauya ma sai an biya yake ji?"

Ta dafe kai. Ta ce in na faɗi haka gaban alƙali, na gama yi wa asibitin aiki.

Na kai maganar majalisarmu ta bayan masallaci. Wani ya ce ƙidaya ce ta ɓoye, haraji na tafe. Wani ya ce so ake a san yawanmu a kwashe mu zuwa Akinyele, can bayan gari. Ni da na ɗan taɓa firamare, na fi su hangen nesa, na ce takara za ta tsaya, ƙuri'a take tarawa. Malaminmu ya bar mu muka gaji, sannan ya tambaye ni inda aka binne cibiyata. Na ce Malam, wannan ai tambayar lauyoyi ce, kai ma ta zo wajenka ne?

Gaskiya sau ɗaya na taɓa zuwa Kano, ta'aziyya. Na ɓata a hanya, yara suka bi ni suna kwaikwayon Hausata, mai abinci ta ƙyalƙyale da dariya da na tambayi amala, tuwon Yarabawa. Amma wannan bai hana mutum zama Bakano ba. A Sabo ko jariri ka tambaya, garin kakansa zai nuna maka.

Ana cikin haka ciwon jikata ya sake tashi. Da rana tsaka ne, ina jin kukan daga zaure, uwar na ta dafa ruwa tana gasa mata ƙafafu. Na aika a gaya wa lauyar zan zo.

A kotu na sa babbar rigata ta Juma'a. Lauyan asibiti, wani mai ƙaton tumbi, ya taso yana murmushi, da ganinsa ka san an ba shi labarina.

"Baba, ina ne garinku?"

Harshena ya riga ya kama hanyar Kano, na janyo shi da ƙyar. Na ce Badun. Na ce nan aka haife ni, nan ubana yake kwance, nan za a kai ni. Gumi ya jiƙa mini hula. Na ji kamar kakana ya ɗago kai yana kallona.

Ba a ma kai ga hukunci ba. Mutanen asibiti suka ce wai ma'aikacinsu ne bai fahimci ƙa'ida ba, duk yaron da ke zaune a gari a kawo shi. Saurin yardar nan bai kwanta mini ba, har yau ina bincike.

Da muka mayar da jikata asibitin, wannan mai rubuta sunan ne a kan teburi. Ya dube ni, na dube shi, bai tambayi garinmu ba. Aka ba ta gado, aka ɗaura mata ruwa. Ban yarda na tafi gida ba, na zauna ina gadin robar, kada a zo a cire a ce an yi kuskure. Can na ga yatsunta sun saki zanin uwarta, barci ya ɗauke ta.