Ranar da Aka Zo Duba Ƙanena

Rediyon mota ne ya fara ɓata min rai. Ina kan babban titin da ake kira Beltway, na taso daga gidan tsofaffin da nake aikin jinya, motoci sun yi cirko-cirko, sai ga wata likita a labarai tana cewa cacar ƙwallo da ake yi a waya ta zama matsalar lafiyar al'umma, kamar taba da giya. Wai a daina ganin masu yinta a matsayin 'yan iska, marasa lafiya ne. Na ja tsaki na kashe rediyon. Mutanen nan komai sai sun nemo masa sunan cuta. Mu a Kano inda muka tashi, ɗan caca ɗan caca ne, ko ajiyar allura ba a ba shi.

Abin da ya sa raina ya ɓaci haka, na bar guda a gida. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na yi masa hanyar zuwa ƙasar nan, yana zaune a wurina a garin Greenbelt yana tuƙin motar haya. Na ga cacar a wayarsa da idona. Na wanke shi tas, na yi masa gorin duk abin da na taɓa yi masa, har na ce gara da mahaifinmu bai rayu ya ga wannan abin kunya ba. Bakina ba shi da linzami idan na fusata, kowa ya san ni da wannan.

Labarin bai ƙyale ni ba. A falon tsofaffi talabijin ba ya mutuwa, kuma a 'yan makonnin nan sun yi ta maimaita maganar. Abin haushi, da an gama rahoton sai tallar cacar ta biyo baya da kiɗanta. Wata rana aka nuna wata uwa, an ɓoye fuskarta, tana ba da labarin ɗanta: ya daina ci, ya daina barci, ya daina fita, daga baya ya kashe kansa. Ina ba wata tsohuwa abinci a baki, sai cokalin ya tsaya a hannuna. Duk abin da matar nan ta lissafa, yana cikin gidana.

Ƙanena ya rame, sai da ya ƙara wa bel ɗin wandonsa huda. Motarsa ta yi mako a ajiye. Juma'a uku bai je masallaci ba, labulen ɗakinsa kullum a sake. Ni da nake lura da numfashin iyayen wasu, ban ga na gidana yana ƙarewa ba. Da safe na kai masa shayi, bai ko ɗago ba ya ce, "Yaya, da babu ni da kin huta." Wallahi na ji tsoro, irin tsoron da ban taɓa ji ba. Na ba shi haƙuri, na ce mu je a ga likita. Ya ce shi ba mahaukaci ba ne, kuma idan maganar ta fita waje ba zan sake ganinsa ba.

Akwai wani dattijo mutumin Damagaram, ɗan kasuwa ne a garin Upper Marlboro, duk Hausawan yankin Baba muke ce masa. Matarsa Hajiya ta kira ni, ta ce Baba yana cigiyar ƙanena, ya kwana biyu bai gan shi a sahu ba. Na ce mata ba shi da lafiya. Har ga Allah abin da na yarda da shi ke nan a lokacin. Abin da na manta shi ne halin mutanenmu: ba ka cewa mutum ba shi da lafiya a zauna a gida.

Ranar Lahadi bayan la'asar sai ga su a bakin ƙofa, Baba da sandarsa, Hajiya da kular farfesun kaza da ledar lemo. Dubiya suka zo. Na shiga ɗaki na gaya wa ƙanena, ya dube ni kamar na kai shi kasuwa na sayar. Amma Baba ya hau bene hawa biyu da ciwon gwiwa, babu ɗan mutuncin da zai ƙi fitowa. Ya fito ya durƙusa ya gaishe su.

Baba ya dube shi ya daɗe, sannan ya ce, "Sannu, ɗana. Ya jiki?"

Amsar wannan tambaya ɗaya ce. Na ga wanda ke kan gargara ya ce da sauƙi. Mahaifiyarmu da sauƙi ta ce ana gobe za ta rasu. Ina tsaye da tire a hannu ina jiran ya faɗa, su yi addu'a, su tafi, mu koma inda muke.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Babu sauƙi, Baba."

Hajiya ta ja hannuna muka shige kicin. Ta buɗe famfo don kada mu ji, amma na ji. Na ji ya ambaci cacar da sunanta, na ji kukansa. Ina ta jiran muryar Baba ta ɗaga, ina jiran wa'azi, ina jiran ƙarar ƙofa. Idan dattijon nan ya tashi ya fita, na san na rasa ƙanena, kuma bakina ne ya jawo.

Sai can Baba ya kira ni. Na same shi ya sauko daga kujera, ya zauna a ƙasa kusa da ƙanena, ya miƙe ƙafar da ke masa ciwo.

Ya ce, "'Yata, ke ce mai aikin jinya. Wane gidan likita ake kai mai irin wannan? Nemo mana. Gobe ni zan kai shi, a motata."