Bindigar da Kawu Ya Zaɓa da Idona

Ana sallame asuba muka tashi daga unguwar Karantina, ni da kawuna, ko shayi ba mu kurɓa ba. Umra ce ta kai ni Jidda, na sauka a ɗakinsa. Kawu tsohon soja ne, ya daɗe yana gadin wani sito a Khumra. Kafilinsa, wato Balaraben da takardun zamansa ke hannunsa, mutum ne mai lasisin bindiga da son harbin gwangwani a gonarsa. Ya ji wani dattijo zai rabu da tsofaffin bindigogin soja, ya ce Kawu ne zai zaɓar masa.

Akwai abin da na sani, muke ɓoye wa kafili: yanar ido ta kusa rufe wa Kawu gani. Da lalube yake neman takalminsa. Iƙamarsa kuma, wato takardar izinin zama, saura wata biyu a sabunta, ni dai ban taɓa jin inda aka sabunta wa makahon maigadi ba.

Muka ratsa unguwar da ake kira Madinar Masana'antu, tireloli jere, leburori na tsallaka titi da ƙunshin abincinsu. Kwalta sumul, ba rami ko ɗaya, har na fara kewar hanyar garinmu. A Khumra muka ci ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis mai faɗin faifai, riyal uku muka yi nak. Kafili ya iso da jif ɗinsa yana ta yalla yalla, wai mu yi sauri.

A gidan dattijon aka shimfiɗa bindigogi biyar kan darduma. Aka yi ta ɗura mini gahawa mai ɗaci, don ba wanda ya gaya mini sai ka kaɗa kofi ake daina zubawa. Idon kafili yana kan wata mai sheƙi. Kawu ya shinshina katakonta, ya shafa, ya ce fenti ne sabo aka rufe tsaga da shi. Sauran ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana jan sakata yana mayarwa, kunnensa a kusa. Ya tsaya kan wata koɗaɗɗiya ƙirar Ingila, irin wadda ya riƙe a bariki.

Saura duba cikin bututun, wannan kuwa aikin ido ne. Sai ya zare sakatar gaba ɗaya, ya sa farcen babban yatsansa a gindin bututun don ya hasko ciki, yadda ake yi wa soja duba. Ya kira ni kamar zai koya mini.

"Leƙa ta baki. Me ka gani?" ya ce da Hausa, ƙasa-ƙasa.

Ni da ko ƙarar tayar mota ke firgita ni, na leƙa. Na ce layuka na gani suna murɗawa, tas, ba tsatsa. Kawu ya juya maganar zuwa Larabci kamar shi ya gani, aka yi ciniki.

Na ɗauka mun tsira. Muna isa gona kafili ya jera gwangwanaye can nesa, ya miƙa wa Kawu bindigar, ya ce harbin farko nasa ne. Kawu ya kwanta ruf da ciki, ya kafa ta a kafaɗa. Ya daɗe a haka. Ta wani gefe ana jin kukan awaki. Can ya cire harsashin, ya miƙe.

"Ya shaikh, ban ga gwangwanin ba. Abin da ban gani ba, ba na harbinsa. Idona ya tafi."

Tausayinsa ya kama ni har na kasa ɗaga kai. Kafili ya ce ya sani tun ranar da Kawu ya ƙame wa motar ruwa yana zaton jif ɗinsa ce. Jira yake ya faɗa da bakinsa. Ya ce halas, wato shi ke nan, ranar Asabar sai asibitin ido. Maganar iƙama bai taɓa ta ba, mu ma ba mu tambaya ba. Kafili ya karɓi bindigar, ya ɓarar da gwangwani huɗu cikin biyar.

Da la'asar muka sauka a bakin Karantina. Na je ganin yadda ake zaɓen bindiga, na dawo da sanin cewa cire harsashin nan ya fi kowane harbi wuya. Za mu tsallaka titi, gaban masu shayi da duk waɗanda suka san shi da taƙama, Kawu ya miƙo mini hannu ya ce, "Riƙe ni."