Bokitin Baba Mai Baro

"Tsohon nan fa kansa ya taɓu. Kullum yawo yake da ruwa a baro, ba shuka yake ba wa ba." Wata mata ce ta faɗa wa ƙawarta a ƙofar lambun shaƙatawa, ina bayansu ina tura Yaya a keken guragu. Shekara shida ke nan, maganar ba ta bar kunnena ba.

Baba Mai Baro shi ke kula da lambun. Kowace safiya sai ya cika bokiti taf, ya ɗora a baro, ya bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. Inda ruwa ya fantsala, nan zai durƙusa: ya sare saiwa, ya cike rami, ya daddaɓe ƙasa. Mai gadi ya ce ya taɓa tsokanarsa, sai Baba ya ce, "Abin da ya girgiza bokiti, bayan wani zai girgiza. Bokiti ne dai ba ya jin kunyar faɗa."

Yaya kuwa tana ji. In keke ya faɗa rami, cije leɓe take yi, ta ce ba komai.

Baba ne ya fasa matakalar ƙofa ya yi gangare. Shi ya shuka na'a-na'a kusa da benci, don makafi su gane wurin zama da ƙamshi. In Yaya ta hango shi sai ta ce, "Angona, yau an yi ɓari?" Ya ce, "Ɗigo biyu, amarya, kuma na hukunta wurin."

Baba, kai ne ka sa a duk garin nan akwai wuri ɗaya da Yaya take cewa, "Sake ni, zan tura kaina." Allah ya saka maka da alheri. Masu kula da irin waɗannan wurare, don Allah ku zo ku gani, baro da bokiti ne kawai.

Ƙarshen watan nan yake ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Wanda zai gaje shi shara da ban ruwa ya sani. Ga damina ta matso, hanyoyi za su zaizaye. Yaya har ta fara cewa zaman gida ma ba laifi.

Shekara shida, gaisuwa kawai ke haɗa ni da shi. Jiya na tsaya kusa da baron. Ya ɗago ya dube ni.

Na ce, "Baba, bokitin nan, zuwa ina ake cika shi?"