Gahawar da Ake Sha a Tsaye

Shekarun baya, bayan na fita takabar maigidana, ɗana ya zo Illo ya ce in haɗa kayana in koma wurinsa a Birnin Kebbi. Ni ban yi karatu ba, maƙwabciyata ce ke rubuta min wannan, na kuma roƙe ta kada ta gyara min magana.

Maigidana fataucin albasa yake yi zuwa Malanbil, can cikin Benin. A can ya koyo shan gahawa. Shi zai sayo ƙwayar, ni in soya, in daka a ƙaramin turmi, ba lukui ba, kamar tsakin masara. Sai in ɗaura farin ƙyalle a bakin jug, in zuba garin, in riƙa tsiyaya ruwan zafi kaɗan-kaɗan. Ba a gaggauta ta. Tana ɗiga, muna zaune. Mutum ne marar magana, Allah Ya jiƙansa, amma a wannan zaman ne nake jin wa ya ɓata masa rai a kasuwa, wace ƙafa ke masa ciwo. Da ya rasu na ninke ƙyallen na sa a ƙasan akwati. Har yau in an ambace shi sai na share ido, ba na kuma jin kunyar hakan.

Na bi ɗana. Matarsa mutuniyar kirki ce, ɗaki guda ta gyara min har da fanka. Washegari da safe ya kira ni kicin yana murna.

"Inna, zo ki gani. Don ke na sayo wanga inji. Gahawa kamar ta Baba, har ta fi."

Ya ɗebi gari mai laushi kamar lalle, ya danna shi cikin wani ɗan ludayin ƙarfe, ya maƙala. Injin ya yi gurnani. Kafin in gama gyara mayafina ya miƙo min ɗan kofi kamar na wasan yara, ko rabi bai cika ba, da kumfa ja-ja a sama.

Mu a kasuwarmu, mai zuma ko mai man shanu takan ɗan lakato maka ka ɗanɗana kafin a auna. Na ɗauka shi ne. Na kurɓa, ɗacin ya kai min har kunne, amma na daure don kada in kunyata shi.

"Ta yi," na ce. "A zubo."

Na koma falo na zauna, na gyara zama irin na mai jiran baƙo. Shi kuwa ya shanye tasa a tsaye, kurɓi biyu, ya ɗauki makullin mota ya fita. Ina nan zaune har rana ta ɗaga. Da surukata ta zo wucewa na ce, "Ɗiyata, gahawar ba ta nuna ba har yanzu?"

Ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa. "Inna, ai ita ce kinka sha. Ita ke nan."

Ni ma na yi dariya. Tsohuwa ta shanye abincinta tana jiran a kawo.

Da yamma ɗana ya yi min bayani. Ya ce sunanta esfireso. Ita inji ne ke tura ruwan zafi da ƙarfi ya ratsa garin, shi ya sa take fitowa kaɗan, da kauri, nan take. Ta Baba kuwa ruwa ne ke bi a hankali da nauyin kansa, sai ta fito da yawa, ba kauri, ba kumfa. Ya ce ta masu aiki ce, ba ta cin lokaci.

Na ce, "To ni lokacin nake so ta ci."

Ya gane rabin maganar. Ya sayo wani injin mai takardar tacewa, wanda ke ɗiga da kansa. Ɗanɗanon ya kusa da na gida, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma kunna shi ake yi a tafi. Ni kaɗai nake zama a kicin ina kallon ɗigon. Ran nan na roƙe shi ya zauna har ta gama. Ya zauna, Allah Ya yi masa albarka, waya a hannu. Sau biyu ta yi ƙara, ta ukun ya ce, "Inna, yi haƙuri," ya miƙe.

Wata huɗu na yi, na ce a mayar da ni Illo. Ya yi fushi, ya tambaye ni mi aka rage ni da shi. Ba a rage ni da komai ba. Mun daɗe da shiryawa, yana zuwa duk sallah.

Abin da na gane shi ne, ba gahawar nake kewa ba, kuma ba injin da zai tace min abin da na rasa. Ban ga laifinsu ba, zamaninsu a tsaye ake shan komai. Amma a gidansu kullum ina sa ran wani zai zo ya zauna, sa ran nan ne ke cin raina. A nan Illo kuwa, na san ba mai zuwa. Wannan ya fi min sauƙin ɗauka.