Kitson Ranar Alhamis

Ina aji biyu na babbar sakandare a Yelwa lokacin da mutanen jami'a suka zo makarantarmu. Sun haɗa kai da kwamitin iyaye mata, wanda Inna take ciki, aka ba su ɗaki kusa da ofis, don duk yarinyar da abu ya tsaya wa a rai ta je a saurare ta. Wata Anti mai gilashi ce take zama ciki duk Alhamis. Ta shimfiɗa sabuwar darduma shuɗiya don mu saki jiki.

Darduma kuwa ba a hawanta da takalmi. Duk wadda ta shiga sai ta bar nata a bakin ƙofa, kuma a ajinmu kowa ya san takalmin kowa.

Ƙawata da muke benci ɗaya ta fi kowa bukatar ɗakin. Tun shekarar da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a Birnin Yauri, in ta ji ƙarar babura da yawa sai ta shige ƙarƙashin benci. A gida aka ce iska ce. Babanta ya ce in zangon ya ƙare a haka, za ta bar karatu ta koma Warra taya kakarta bandar kifi.

Sau ɗaya ta shiga. Igiyar takalminta na hagu da zaren koma aka ɗinke ta. Kafin ta fito an raɗa mata 'yar ɗakin mahaukata. Daga ita babu wadda ta sake shiga.

Na kasa gaya wa Anti dalili. Inna na gaya wa, tana tsefe mini kai.

Da Alhamis ta zagayo sai ga Inna da mata uku, da tabarmi da kibiya da man kitso.

"Ɗiyata, fito gindin mangwaro," ta ce wa Anti. "Wa ke faɗin cikinsa ana kallon ƙwayar idonsa? Mai kitso a baya take zama."

"Inna, ko shuku ban iya ba."

"Na gani. Ɗankwalin bai rufa miki asiri ba."

Kitso kowa na yi, saboda haka layi ya yi tsawo. Inna ta kai tabarmar Anti can gefe. A mako na uku ƙawata ta zauna a gaban Anti. Ina nesa, ban ji komai ba. Na dai ga kanta a sunkuye, bakinta yana motsi, hannun Anti yana tsayawa yana ci gaba. Tun azahar har la'asar, kuma duk tsagar ta karkace.

Bayan nan Anti da Inna suka je wurin baban ƙawata sau biyu. Ya yarda a kai ta ta ga likita, ya ce a ƙara mata zango ɗaya a gani.

Ranar da aka dawo hutu ta riga ni zuwa aji. Ta ce in matsa, na cinye mata wuri.