Hoton da Ke Bayan Wayar Sista

Shekarar da ciwon suga ya ci ƙafar Inna, wata nas 'yar Filifin ce ke zuwa gidanmu a unguwar Hindawiyya da ke Makka tana wanke mata gyambon. A asibitin unguwa take aiki, in ta tashi da la'asar sai ta biyo ta wajenmu, ba wanda ya sa ta. Sista muke ce mata, ita kuma tana kiran Inna Mama. Larabcinta a karye yake, amma muna gane juna.

Ni tela ce, kuma bakina ba ya shiru, wannan kowa ya sani. Ran nan ta ajiye wayarta a kife kan kekena ta shiga wanke hannu. Cikin robar bayan wayar na hango wani tsohon hoto na takarda: wata mata tsaye gaban ƙaton ginin dutse mai hasumiya, ga gicciye a samansa ƙiri-ƙiri. Coci, a Makka, a ɗakin uwata!

Ko tambayarta ban yi ba. Washegari da na je karɓar magani na tsegunta wa shugabar asibitin, na ce a bincika, don ana cewa wasu na shigowa da takardar Musulunci ta ƙarya saboda aiki. Na san sarai in aka yarda da maganata iƙamarta, takardar izinin zamanta, ta tafi, sai jirgi a mai da ita ƙasarsu. Ni da aka haifa a garin nan, har yau ake tare ni a hanya a ce in nuna takarda, ni ce na yi wannan.

Kwana tara ba ta zo ba. Ƙafar Inna ta fara wari, kullum tana tambaya ina 'yarta.

Ranar da ta dawo ta rame. Ina riƙe da tasa tana wanke gyambon take ba ni labari. An kira ta ofis kan hoton cocin, ta kawo takardar musuluntarta, aka sa ta karanta Fatiha gaban mutum uku kamar 'yar yaye, sannan aka ƙyale ta. Ta ce ba ta san wanda ya kai ta ba.

"Ukhti, ba ginin nake ɗauke da shi ba, uwata ce," in ji ta. Ukhti take ce mini, wato 'yar'uwata.

Ta ce garinsu ƙarami ne a bakin teku. Turawan Sifaniya sun mulke su sama da shekara ɗari uku, su suka sa kakanninta aikin tilas na ginin cocin, suna saro dutse daga cikin teku suna ɗaukowa a ka. Kowane gida sai ya kawo ƙwai, a kwaɓa farin da farar ƙasa a yi gini. Gwaiduwar da ta rage mata suka riƙa yin wani irin kek da ita, har yau shi ne tsarabar garin. Hasumiyar kuwa ta tsaro ce, in an hango jiragen ruwan Musulmi masu kawo hari daga kudu sai a kaɗa ƙararrawa kowa ya gudu.

"Yanzu ga shi ni ce ake kaɗa wa ƙararrawar," ta faɗa tana 'yar dariya. Ni ban iya dariyar ba.

Tun da ta musulunta uwar ta daina yi mata magana, har ta rasu. Hoton nan kaɗai take da shi, kuma a garinsu duk mai ɗaukar hoto nan yake tsayawa, don ba wani ginin a zo a gani sai shi. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Mu ma da aka rushe tsohon gidanmu na unguwar Nakkasa, Inna ƙyauren ƙofa ta ce a ɗauko mata, yana nan jingine a bayan ɗaki.

Da ta gama naɗe ƙafar sai ta ce, "Ukhti, ara mini almakashinki."

Na miƙa mata da hannuna. Ta zaro hoton, ta bi gefen jikin uwarta a hankali tana yankewa, har matar ta rage siririya kamar ɗan yatsa. Ta mai da ita bayan wayar, ta ce yanzu ba mai sake ganin komai. Ta sumbaci goshin Inna, ta yi mini godiya, ta fita.

Guntun ginin ya faɗi ƙarƙashin kekena, da gurbin mutum a tsakiyarsa. Na ɗauka na sa cikin aljihun keken. Ta ƙara shekara biyu tana zuwa gidanmu, har Inna ta taka da ƙafarta, ban taɓa iya gaya mata ni ce ba.